Jinin Gwaggo

Ban sami jana'izar Gwaggo ba. Ta cika da hantsi, aka kai ta makwancinta bayan azahar, ni kuwa ina tasha a Yamai ina neman motar da za ta bi hanyar Filinge, don a ƴan shekarun nan ba kullum direbobi ke yarda da hanyar ba. Sai washegari na isa ƙauyenmu. Na tarar an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa kaɗan suna zaune, kowa da carbinsa. Mahaifina, wanda shi ne ƙanenta, ya riga ta tafiya da daɗewa. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba. Saboda haka duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tsaya yana dube-dube, bai san wa zai miƙa wa hannu ba. A ƙarshe aka zaunar da wani ɗan baffanmu da bai taɓa kwana a gidan ba, shi ya riƙa amsa gaisuwar.

Cikin gida kuwa ba wurin sa ƙafa. Mata ne tun daga bakin zaure har gindin rumbu, wasu da goyo, wasu da jikoki. Akwai waɗanda suka zo a amalanken jaki daga wajen Bonkuku. Akwai wata Bazabarma daga Tondikandiya da ta kama hannuwana biyu ta yi mini gaisuwar mutuwa da harshensu, ta ce "fonda tilas". Ba wadda ta yi kururuwa. Suka zauna, suka yi addu'a, aka raba gumba, kafin la'asar kowacce ta miƙe don kada rana ta faɗi tana hanya. Gidan ya koma daga ni sai tsohuwar akuyarta.

Da na fito yi wa dattawa bankwana, na ji ɗaya yana ce wa na kusa da shi: "Ta huta. Ba ta dai bar baya ba, shi na abin tausai." Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya sani ya faɗa. A ƙasarmu wanda bai bar ɗa ba kabarinsa ne ke fara shafewa, sunansa ya bi baya. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da ita, tun ina iya tunawa.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Mace ce siririya mai tsayi, da tsagen Kurfayawa a kumatunta, mai saurin tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Ba ta da yawan magana. Ba ta yi wa yaro waƙa. Abin da na fara lura da shi tun ina ƙarama shi ne ba ta kallon fuskar jariri sai ya kai ranar suna. Za ta yanke cibi, ta wanke shi tas, ta naɗe shi ta miƙa wa uwarsa, idonta na kan ƙafafunsa. Ran suna ne za ta karɓe shi ta dube shi sosai, ta ce, "To, kai na. Sannu da zuwa."

Sai da na girma na san dalili. Haihuwarta ta fari namiji ne, lafiyayye. Bayansa ta haifi shida, ba wanda ya kai suna. Wasu sun zo ba rai, jikinsu a kumbure. Wasu sun zo da kukansu, suka kama nono, kwana ɗaya ko biyu idonsu da fatarsu suka yi rawaya, suka saki nonon, suka tafi. Aka ce wabi take yi. Ta sha rubutu har ta gaji. Aminiyarta tun ta ƙuruciya, wadda ƴar bori ce daga gidan aznan da ke bayan gari, ta ce aljana Doguwa ce ta zauna mata a kan mahaifa. Aka yanka baƙar akuya, aka kaɗa garaya. Aka kai wani jaririn juji aka aje aka sake ɗauka, aka tsaga kunnen wani. Duk suka tafi. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifina da ɗanta guda.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, a shekarun da yunwa ta watsa garuruwa, aka aiko wa mai gari cewa kowane ƙauye ya ba da mace a koya mata aikin ungozoma irin na likita. Matron ake ce musu. Ba magidancin da ya yarda ya saki matarsa ta je Filinge ta kwana. Sai mai gari ya ce wa mahaifina, "Yayarka ba miji, ba goyo. Ita ya kamata ta tahi." Haka aka zaɓe ta, ba don an ga ta cancanta ba, don ba wanda zai rasa ta a gida. Ta dawo da ƙaramin akwatin ƙarfe mai almakashi da zare da sabulu da maganin ɗigawa a idon jarirai. Da farko mata suka ƙi kiranta. Suna cewa hannun da bai riƙe nasa ba, yaya zai riƙe na wani? Duk ta ji. Kullum sai ta dafa almakashinta ta shanya ta mayar akwati, ko ba wanda ya kira. Sai da wata naƙuda ta yi tsanani, tsohuwar ungozomar gari kuma ta tafi cin rani da ƴaƴanta, sannan aka aiko mata a dole. Daga nan aka saba.

A wancan zamanin awon ciki bai wuce a gwada tsayin ciki da igiya ba, a kara ƙahon ƙarfe a saurara, a ja fatar ido a ga ko jini ya yi ƙasa. Shi ma sai wadda cikinta ya tsufa, ta kuma sami mai kai ta. Ciki abin ɓoyo ne, balle na fari. Mace za ta ɗaure shi da zane ta yi ta daka da ɗiban ruwa, ko uwarta ba za ta faɗa wa ba sai ya tona kansa.

Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malama, aka aje ni Filinge, a nan na yi aure. Na sami cikin fari a shekarun da aka koma mulkin farar hula. A lokacin an kawo wata sabuwar sajfam, wato ungozomar asibiti, yarinya ce daga gabas, mai magana a hankali. Ita ta kafe cewa duk wadda ta zo awon farko sai an ɗebi jininta. Ranar da zan koma jin sakamako ta dace da ranar kasuwa, Gwaggo ta shigo gari da ƙwaryar furarta, ta ce bari ta raka ni.

Sajfam ta zaunar da mu a benci, ta ce mini, "Jinin mutane iri-iri ne. Akwai wata alama da yawancin mutane ke da ita a jininsu, ke ba ki da ita. Ba ciwo ba ne. Amma in ɗan da ke cikinki ya gado alamar daga ubansa, ranar haihuwa jininsa zai taɓa naki, naki ya ɗauke shi baƙo, ya koyi faɗa da shi. Na fari yakan tsira. Na bayansa ne ke shan wuya."

Na tambaye ta ko akwai magani. Ta ce akwai allura, ɗaya wajen wata na bakwai, ɗaya kuma kafin kwana uku su cika bayan haihuwa. "Shi ya sa nake son jinin da wuri," in ji ta. "In lokacin allurar ya wuce, jininki ya riga ya koya, kuma ba ya mantuwa."

Gwaggo ta matso kusa da sajfam. Ta ce, "Ɗiyata, na bayan nan da kika ce, ƙaƙa su kan zo?"

Sajfam ta ce, "Wasu sukan mutu tun a ciki, Inna, jiki a kumbure. Wasu a haife su kamar lafiya, kwana ɗaya ko biyu su yi rawaya."

Gwaggo ta aje ƙwaryar a ƙasa. Ta janye mayafinta, ta miƙa hannunta na dama.

"Ɗibi nau."

"Inna, ai ke kin wuce haihuwa."

"Na sani. Ɗiba dai."

Sajfam ta dube ni, ni kuma na kasa ɗaga kai. Ta ce wa Gwaggo ko da an sami jininta irin nawa ne, ba za ta iya rantsewa cewa shi ne dalili ba, shekaru sun yi nisa. Gwaggo ta ce ba rantsuwa take nema ba. Aka ɗiba. Kasuwa mai zuwa ta dawo, aka faɗa mata. Jininta irin nawa ne.

Da muka fito ba ta bi hanyar kasuwa ba. Ta nemi inuwar wani gawo a bayan asibiti ta zauna a ƙasa, na zauna kusa da ita. Mun daɗe. Sai ta ce, kamar ba da ni take ba, "Kenan ɗana shi ya buɗe ƙohwa, ya hita, ya ruhe ta bayanai." Ta ƙara da cewa, "Shekara da shekaru ina tambayar Allah mi na yi. Ashe ban yi komi ba."

Sannan ta juyo ta ce, "Allurar ga, tun yaushe take duniya?" Na ce ban sani ba. Na bincika daga baya, aka ce mini ba a samo ta ba sai wajen ƙarshen haihuwar Gwaggo, a can ƙasashe masu nisa, kuma ta daɗe kafin ta iso mu. Da na faɗa mata sai ta ce, "To, alhamdu lillahi. Da tana nan kusa ban samu ba, da ya hi ciwo."

Maigidana ya je Yamai ya kawo allurar cikin kwalba mai ƙanƙara. Aka yi mini a kan lokaci, aka sake yi bayan na sauka, haka kuma a kowane ciki. Ranar da na haifi na biyu, Gwaggo ta karya al'adarta. Tun ranar farko ta ɗauke shi ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe idonsa da yatsa ta duba. Kowace safiya sai ta yi haka har aka yi suna. Ƴaƴana biyar, duka sun ci sunansu.

Labarin jinin nan shi ya raba ta da aminiyarta. Gwaggo ta taka har gidan aznan ta same ta tana sussuka, ta ce mata, "Ba Doguwa ba ta. Jini na. An auna." Matar ta aje taɓarya ta ce, "To wa ya zuba miki jinin? Likita?" Gwaggo ta ce ta yi asarar akuyoyi da shekaru a kan ƙarya. Matar ta ce ita ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, abin da ta gada ta ba ta, kuma duk lokacin da aka ɗauki gawar jariri daga ɗakin Gwaggo, ita ce ke zama da ita sa'ad da kowa ya gudu. Wannan gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona Gwaggo. Suka daina magana. In sun haɗu a rijiya, ɗaya ta jira ɗaya ta gama. Shekaru suka wuce a haka, ga shi Gwaggo ba ta da wata ƙawa bayan ita. Ban san ranar da suka shirya ba. Na dai zo hutu wata shekara na tarar da su zaune a tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa, kowacce na kallon gabanta. Ba wadda ta janye maganarta har mutuwa ta ɗauki aminiyar.

Tun daga ranar gawon nan Gwaggo ta zama mai bin mata da maganar awo. Karɓar haihuwa ta koma mata rabin aiki. Takan ce, "Da sanyin sahiya aka kama hwara. In kin zo mini ran naƙuda, mi ya rage in yi?" Ta riƙe abin da sajfam ta koya mata kamar karatun sallah. Jini tun ciki bai wuce wata uku ba, a san irinsa, a ga ko ya isa, a duba emasi, ciwon nan na gado mai sa yara ciwon ƙashi, da sauran cututtukan da kan bi uwa su kama ɗa. Da aka kawo eko, injin da ke nuna ɗa a cikin ciki, sai ta ƙara da nasa lokutan. Na farko wajen wata na uku, a san kwanakin cikin da ko ɗaya ne ko biyu. Na biyu a wata na biyar, sa'ad da gaɓoɓi suka fito yadda za a duba su. Na uku wajen wata na takwas, a ga kwanciyar ɗa da inda mabiyiya ta zauna.

Matan ƙauye ba sa lissafi da kalanda, ita ma haka. Sai ta ɗaura musu a kan gona. Takan ce wa mace, "In ya shiga da shuka, jini da eko na hwarko kahin a gama maimai. Na biyu in an hwara yankan hatsi. Na ukku cikin ɗari." Ba kullum lissafinta ke daidai ba. Ta taɓa rantsewa cewa cikin wata ya kai wata shida, eko ya nuna wata huɗu ne, tagwaye ne kawai. Ta yi dariya har da hawaye, abin da ba ta cika yi ba, ta ce injin ya fi ta ido.

Amma naci yana da nasa farashin. Akwai wata amarya a maƙwabtanmu da Gwaggo ta gane tana da ciki daga yadda take kauce wa warin daddawa. Maimakon ta ja ta gefe, sai ta faɗa a tsakar gida gaban uwar mijin: "Ɗiyar ga ciki gare ta, a kai ta awo kasuwa mai zuwa." Yarinyar ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ba a yi mako biyu ba cikin ya zube. Sajfam ta ce irin wannan ɓarin na farkon ciki yakan faru, ba laifin kowa ba ne, amma ba a ƙauye ta faɗa ba. A ƙauye aka ce bakin Gwaggo ne. Aka tono tsohuwar magana, aka ce mai wabi ba ta son ganin na wani. Damina guda cur ba wanda ya kira ta. Mata kan canza hanya in sun hango ta. Na zo na same ta ta rame, tana noman ƴar gayaunarta ita kaɗai, na ce ta biyo ni Filinge ta huta da mutanen nan. Ta ce, "In na tahi, sun tabbata." Ta kuma ce, "Ban yi mata baki ba. Amma na kunyata ta, wannan kam na yi."

Daga nan ta sake dabara. Ba ta ƙara ambatar ciki a gaban kowa ba. In ta lura da mace, sai ta je wajen uwar mijin ta ce ƙafa na damunta, a ara mata yarinyar nan ta raka ta kasuwa ta ɗauko mata kaya. Su hau amalanke. Sai sun fita gari, sun wuce gonaki, sannan ta ce, "Wata nawa ba ki gani ba?" A Filinge su bi ta asibiti kafin kasuwa. Su dawo da gishiri da kanwa, ba wanda ya san komai. Sannu a hankali uwayen miji suka gane, suka yi kamar ba su gane ba. Har ta kai in an ce wance ta raka Inna kasuwa, tsofaffi sai su yi murmushi su kau da kai.

Ba kowace tafiya ce ta ƙare da murmushi ba. Bazabarmar nan da ta kama hannuna ranar gaisuwa, a garinmu ta yi auren fari. Gwaggo ta kai ta eko na wata biyar tana ta murna, don ta daɗe tana neman haihuwa. Aka duba, aka sake dubawa, aka tura su Yamai. A can aka tabbatar cewa kan ɗan bai haɗu ba, ba zai rayu ba ko an haife shi. A motar dawowa matar ta ce wa Gwaggo, "Inna, da kin bar ni da murnata har wata tara." Gwaggo ta faɗa mini cewa duk tsawon hanyar tana neman amsa ba ta samu ba, kuma har ta tsufa ba ta samu ba. Abin da ta yi shi ne ta kwashe tabarmarta ta koma gidan matar. Ta yi mata daka, ta yi mata ɗiban ruwa, ta tsaya tsakaninta da masu zuwa yi mata barka da ganin ciki. Da lokaci ya yi ta kai ta asibiti tun naƙuda ba ta fara ba, kamar yadda likita ya ce. Jaririn ya yi numfashi kaɗan ya tafi. Gwaggo ta wanke shi, ta sa masa hula ta rufe inda ya kamata a rufe, sannan ta miƙa wa uwar ta ce, "Dube shi. Ni ban dubi nau ba, shi ka cina har yau."

Ban faɗi abin da ya sami ɗanta ba. A yunwa ta biyu, har yanzu zamanin soja, ya bi samari zuwa kurmi, can ƙasashen kudu, neman abin da za a ci. Shekarun farko yakan aiko da saƙo da turmin zane. Daga baya aka daina jinsa. Wani ya ce ya gan shi a bakin teku yana dako, wani ya ce ya yi aure can, wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi. Gwaggo ba ta yarda an yi masa sadaka ba, ba ta kuma yarda an ce yana raye ba. In ƴan ci-rani sun dawo gabanin damina, takan je ta tsaya nesa da motar, ba ta tambayar kowa, har a gama sauke kaya. Da tsufa ya hana ta takawa, sai ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida.

Da muka koma Yamai na yi ta roƙonta ta zo ta zauna da mu. Ta ƙi. An gina ɗakin likita kusa da ƙauyenmu, an kawo ma'aikata, an daina barin matron su karɓi haihuwa a gida. Ba ta yi fushi ba, ta ce haka ya fi. Amma aikin da ya sa ake ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ƙare. Ƴan matan yanzu suna zuwa awo da kansu, wasu a bayan babur, ba sa bukatar a ce sun raka kowa kasuwa. Abin da ta yi ta nema ya samu, samuwarsa kuma ta bar ta zaune ita kaɗai. In na kira wayar maƙwabta aka kai mata, na ce wa ya zo yau, takan ce, "Rana ta zo, ta koma."

Bana da rani yanar ido ta rufe ta kusan gaba ɗaya, na matsa har ta yarda aka kawo ta Yamai a duba. Zuwan ya dace da cikin fari na autata. Likitan autar ya ce mata ta zo kafin wata na uku ya fita, don akwai wani awon jini da ake haɗawa da eko na farko, mai nuna ko akwai abin da ya kamata a ƙara bincikawa game da halittar ɗan, kuma in makonnin nan sun wuce ba a yinsa. Gwaggo na jin haka ta hana yarinyar sakat. Kowace safiya sai ta ce, "Yau ta ko gobe?"

Ranar da za a je ta riga kowa shiri. Da aka kira autata, Gwaggo ta gyara zama a bencin waje. Na ce ta taso mu shiga. Ta ce a'a, nan ne wurinta. A nan na gane cewa duk matan da ta kai eko tsawon shekarun nan, ba ta taɓa shiga ɗakin ba. A waje take jira da takalmansu. Na kama hannunta na ja ta ciki.

Likitan ya nuna mana allon, ya ce ga kai, ga hannu, ga ƙafa. Gwaggo ta kusanto da fuskarta har ta kusa taɓa gilashin, ta ce ba ta ganin komai sai hayaƙi. Sai ya murɗa wani abu, sauti ya cika ɗakin, bugu mai sauri kamar gudun ɗan maraƙi.

Ta ce, "Mi na wanga?"

Ya ce, "Zuciyarsa ce, Inna."

"Wata ukku?"

"Wata uku."

Ta lalubi gefen gadon ta riƙe. Ta ce ya bari kaɗan, kada ya kashe. Ya bari. Muka tsaya mu huɗu muna saurare, har mai jiran layi ta leƙo.

Muka kama hanyar gida har muka kusa isa. Sannan ta ce, "Nau ma haka sunka yi ta bugawa. Wata tara-tara. Ba wanda ya ji su, ko ni."

An yi mata aikin ido ɗaya, ta fara ganin inuwar mutane. Ba ta jira na biyun ba, ta ce a mai da ita gida kafin ruwan shuka. Wajen hawa mota ta riƙe hannun autata ta ce kada ta yi wasa da na wata biyar. Ba ta kai ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan an yi shuka, maƙwabciya ta shiga kai mata kunu ta tarar ta cika, fuskarta na kallon ƙofa.

Na dawo Yamai bayan sadakar bakwai, muka je eko na biyun. Likita ya duba kai da ƙashin baya da zuciya, ya ce komai lafiya, mace ce. Autata ta fita kiran mijinta. Ni na zauna a bencin waje da albishir a bakina, na duba hagu na duba dama, ba wanda zan kai wa.

Malamai sun ce ƴaƴan da suka rasu suna jarirai sukan tsaya a ƙofar Aljanna, su ƙi shiga sai da uwarsu. Gwaggo na da shida a can, ba wanda ta raɗa wa suna, ba wanda ta dubi fuskarsa. Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya sa ta huta da jira. Allah Ya sa su gane ta tun daga nesa.